Gwanintar Sauke Jirgi, Daga Rairayin Tarabulus Zuwa Filin Jirgin Zariya

Duk wanda ya zauna a Samaru, ko Palladan, ko Hanwa, ko ya saba bin hanyar Sakkwato daga Kwangila zuwa Jami'ar Ahmadu Bello, ya san ƙugin ƙananan jiragen nan masu farfela ɗaya. Jirgi zai tashi, ya yi kwana, ya miƙe, ya sake kwana, ya sunkuyo, tayoyinsa su taɓa ƙasa, sai kuma ka ji inji ya ɗau sabon ƙugi, ya koma sama. Bayan minti biyar ko shida ga shi nan ya dawo. Wasu sukan ɗauka yawon shan iska ake yi, wasu su ce ɓarnar mai ce kawai. Ɗalibi ne a ciki tare da malaminsa, kuma abu guda suke ta maimaitawa, wato sauka.

Ɗaga jirgi ba shi ne abin wuya ba. Jirgin da aka ƙera da kyau, in ya sami gudu, da kansa yake neman sama, kuma tun a darussan farko ake bar wa ɗalibi ya gwada. Amma komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Yadda za a dawo da ƙarfe mai nauyin tan guda, yana gudun da ya haura kilomita 100 a awa, a ajiye shi a kan ɗan tsirin kwalta ba tare da wani ya ciji harshensa ba, nan sana'ar take.

Na farko a harkar sun sha wuya kafin su gane haka. A Afrilun 1909 Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu na Amurka da suka fara tashi da jirgi mai inji a 1903, ya je Roma ya koya wa wani hafsan sojan ruwa, Mario Calderara, tuƙi a filin Centocelle. 'Yan darussa ya yi masa ya tafi. Calderara ya ci gaba da koya wa kansa, a watan Mayu ya faɗo ya ji rauni, ya warke, aka gyara jirgin, ya koma ciki. Shi ne ya karɓi lasisin tuƙin jirgi mai lamba ɗaya a Italiya. Ranar 27 ga Mayu 1910 kuma wani matashin injiniya, Gianni Caproni, ya fito da jirginsa na farko a Malpensa, inda babban filin jirgin Milan yake a yau. Jirgin ya tashi lafiya lau. Wajen sauka ya daki ƙasa ya lalace, Allah ya kiyaye matuƙin. Caproni ɗin nan ne daga baya ya ƙera wa Italiya manyan jiragen yaƙi masu inji uku a Yaƙin Duniya na Ɗaya, amma darasinsa na farko a bakin ƙasa ya ɗauke shi.

A 1911, shekarar da layin dogo ya bi ta Zariya ya isa Kano, layin da Sabon Gari ta tsiro a gefensa, Italiya ta far wa Tarabulus don ƙwace ta daga hannun Turkawa. Tarabulus ba baƙon suna ba ne a ƙasar Hausa, a da daga can ayarin Larabawa ke kawo kaya Kano ta Gadamas da Agadas. Italiyawa sun je da jirage tara, kuma ba ko ɗaya ƙirar ƙasarsu. Ranar 23 ga Oktoba Kyaftin Carlo Piazza ya tashi da Blériot ƙirar Faransa ya leƙo sansanin Turkawa, karo na farko ke nan da aka yi amfani da jirgin sama a fagen yaƙi. Ranar 1 ga Nuwamba Laftana Giulio Gavotti, cikin wani jirgi mai suna Taube, ya jefa ƙananan bama-bamai huɗu da hannu a Ain Zara da Tajura. Wannan ba abin yabo ba ne. Ƙofar da ya buɗe ita ce daga baya ta kai ga ruwan guba a kan mutanen Habasha a 1935 da 1936, kuma a kan 'yan Afirka aka fara gwajin. Abin da nake jinjina wa daban ne, shi ne yadda mutanen nan suke dawo da irin waɗannan jirage ƙasa.

Blériot katako ne da yadi da wayoyi. Ba birki. Ba ƙananan fukafukan nan na baya da ake saukewa don rage gudu. In matuƙi na son karkata, wayoyi yake ja su murɗa fiffiken gaba ɗaya. Injin Gnome da aka fi ɗora wa irin waɗannan jirage dukkansa ke juyawa tare da farfela, kuma ba ya karɓar ragi yadda ya kamata, don haka mai sauka sai ya riƙa yanke wutar injin yana maidowa, yana yankewa yana maidowa. A fili yake zaune, ba rufi. Gudu a fuskarsa yake jin sa, da kuma kukan wayoyi. Tsayi da ido yake auna shi, a kan rairayin da ba itace ba gini balle ya kwatanta.

Mu nan sai bayan shekara goma sha huɗu muka ga jirgi. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin Arthur Coningham, suka taso daga Masar ta Sudan da Chadi suka sauka a filin wasan dawaki a Kano. A 1964 aka kafa makarantar da ake kira Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya a yau, a filin jirgin Zariya, da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO. Ba matuƙa kaɗai take yayewa ba, har da injiniyoyin gyaran jirgi da masu zama a hasumiya suna ba jirage hanya. Jiragen koyonta, irin su Tampico ƙirar Faransa da Diamond ƙirar Ostiriya, suna da birki da rediyo da agogunan awo kala-kala. Duk da haka, daƙiƙa goman ƙarshe kafin taya ta taɓa kwalta, ido da hannu ne ke aiki, kamar a zamanin Piazza.

Don a gane abin da hannun ke yi sai a fara da fiffike. Wanda ya taɓa miƙa tafin hannunsa ta tagar mota tana gudu a hanyar Kano ya riga ya san rabin karatun. In tafin yana kwance, iska ta wuce shi salin alin. Ka ɗan ɗaga gabansa, sai ka ji ana tura hannun sama. Ka ƙara, turin ya ƙaru. Ka wuce wani mizani, sai turin saman ya ɓace, iska ta koma fizgar hannun baya kawai. A fiffiken jirgi mizanin nan yana wajen digiri 15 ko 16. Abu biyu ke riƙe jirgi a sama, gudunsa cikin iska da yadda fiffike ya karkata ya tare ta. In gudu ya ragu dole a ƙara karkatar don a cike giɓi, har a zo inda babu sauran ƙari. Daga nan fiffike ya saki, jirgi ya fara faɗowa. A can sama wannan abin gudu ne. A wajen sauka kuwa shi ake nema, amma sai tayoyi sun rage abin da bai kai kamu ɗaya ba su taɓa ƙasa. In fiffike ya saki jirgi na ƙafa goma a sama, zai faɗo da ƙarfi har ƙafafunsa su iya lanƙwashewa. In kuma gudu ya yi yawa, jirgi zai ƙi zama, ya yi ta shawagi a kan titi, titin yana ƙarewa. Tsakanin waɗannan biyun ɗan rata ne, kuma a cikinsa ake son matuƙi ya ratsa kullum.

Zagayen da ake gani daga Samaru shiri ne na shiga wannan ratar. Jirgi yana tashi yana fuskantar iska, yana kuma sauka yana fuskantarta, domin iskar da ke tahowa daga gaba tana rage gudun da yake yi a kan ƙasa ba tare da ta rage abin da fiffike ke samu ba. Titin filin Zariya ya miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, kuma haka iskokinmu biyu suke, ta hunturu daga arewa maso gabas, ta damina daga kudu maso yamma. Bayan tashi ɗalibi zai hau zuwa kimanin ƙafa 1,000 daga ƙasa, ya yi kwana ya bi gefen titin yana komawa baya. A wannan miƙewar, wadda ba ta wuce minti ɗaya ko biyu, zai duba mai, ya duba birki da bel, ya leƙa ko akwai wani jirgi, ya faɗa wa hasumiya inda yake da Turancin da aka ƙayyade kalmominsa. Sai ya rage totur, ya sauke ƙananan fukafukan baya mataki na farko, ya yi kwana yana gangarowa, ya sake kwana ya fuskanci titi.

A nan ne ake raba gwani da ɗan koyo. Matuƙi zai zaɓi wuri guda a kan titin, ya kafe shi a gilashin gabansa. In wurin yana tsaye cak a gilashin, yana dai ƙara girma, to can jirgin zai isa. In yana hawa sama, jirgi zai gaza kafin ya kai. In yana zamewa ƙasa, zai wuce shi. A manyan filaye akwai fitilu huɗu a gefen titi, biyu ja biyu fari alamar kana kan hanya, hanyar da ke gangarowa da digiri uku. Amma malamin kirki yana so ɗalibi ya ga hanyar ko ba fitila. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Abin da ya fi ba ɗalibai wuya shi ne saba wa abin da jiki ke raya musu. Mutum ya ga ya yi ƙasa da yawa, ga itatuwa suna matsowa, nan take hannu zai so jan sandar tuƙi baya don a ɗaga hanci. Da ya ja, gudu ya ragu, jirgi ya ƙara nutsewa. Maganin yana hannu ɗayan, a ƙara totur. Shi ya sa ake koya musu cewa a gangarowar ƙarshe da hanci ake riƙe gudu, da totur ake riƙe tsayi. Gudun kuwa a irin waɗannan jirage yana wajen kilomita 120 zuwa 130 a awa, kuma ba a so ya kauce da fiye da ɗan kaɗan. Hannu ɗaya a sanda, ɗaya a totur, ƙafafu biyu a kan matakan juya wutsiya, ido yana kai-komo tsakanin titi da agogon gudu. Gyaran da gwani ke yi ƙanana ne ƙwarai, da 'yan yatsu, tun kafin kuskure ya girma. Wanda ke zaune kusa da shi zai rantse ba ya yin komai.

Da jirgi ya tsallake bakin titi, ya rage kamar ƙafa 15 ko 20, sai a janye totur gaba ɗaya. Ido ya bar wurin da aka kafe ya koma can ƙarshen titin, domin wanda ya kalli ƙasan da ke gabansa gudu zai ruɗe shi, ba zai san tsayinsa ba. Da gefen ido ake jin ƙasa tana tasowa. Sai a fara jan sanda a hankali, ba tsayawa ba fizga, kamar ana hana jirgin sauka. Gudu na raguwa, hanci na ɗagawa, wata 'yar ƙararrawa ta fara kuka tana gargaɗin fiffike ya kusa saki, sai manyan tayoyi biyu su shafi kwalta. Tayar gaba daga baya take sauka, a hankali. In ita ta riga, jirgi zai yi tsalle, ya dawo, ya sake wani tsallen da ya fi na farko, har a iya karya ta.

Wannan a ranar da iska ta yi ladabi ke nan. In ta bugo daga gefe, dole a karkata hancin jirgi ya fuskance ta, a gangaro a kaikaice, mutum yana kallon titi ta gefen gilashi. Dab da taɓa ƙasa sai ƙafa ta taka ta miƙar da hanci, hannu kuma ya sunkuyar da fiffiken da ke ɓangaren iska, jirgi ya sauka da taya ɗaya kafin ɗayar ta biyo. Hannu na cewa hagu, ƙafa na cewa dama, a lokaci guda. A ganina ba wani abu a tuƙi, na ƙasa ko na sama, da ya kai wannan kyau in aka yi shi daidai.

Zariya kuma malama ce mai tsanani. Filin yana sama da ƙafa 2,000 daga teku. A bazara, in zafi ya kai digiri 38, iska takan yi sako-sako har inji da fiffike su ji kamar a tsayin da ya haura ƙafa 5,000 suke. Jirgi yakan ci titi da yawa kafin ya tashi, kuma ya shigo sauka da gudun da ya fi wanda ido ya saba gani, alhali agogo yana nuna lambar jiya. Da rana ta take, zafi na tasowa daga jar ƙasa da rufin kwano yana wujijjiga ƙaramin jirgi, shi ya sa sabon ɗalibi ya fi samun sassafe. Farkon damina hadari yakan taso daga gabas da guguwa a gabansa, iska ta juya cikin 'yan mintoci. Ga shirwa da balbela, waɗanda jujin da aka zuba kusa da fili ke tarawa. Tsuntsu ɗaya ya isa ya fasa gilashi.

Hunturu ya fi duka. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi takan rufe gari har mutum ya kasa hango abin da ke nisan kilomita ɗaya, alhali mai tuƙi da ido ana so ya hango kilomita biyar. Dutsen Kufena, da madatsar Kubanni, da dogon ginin majalisar jami'a, da layin dogon da ya nufi Funtuwa, duk alamomin da ɗalibi ke gane gida da su, sai su ɓace. Mafi haɗari, layin da ya raba sama da ƙasa ma ya ɓace. A irin wannan hali kunnen ciki, wanda ke gaya wa mutum ko a miƙe yake, ƙarya yake yi. Jirgi na karkata a hankali, jiki na cewa lafiya lau. Sababbin ɗalibai a ƙasa suke zama su jira hazo ya yaye. Na gaba kuwa ana koya musu su ƙaryata jikinsu su gaskata agogo, har akan sa musu wani abin rufe fuska da ke hana su ganin waje.

Akwai kuma wata gwaninta da ba a tafa wa, ita ce fasa sauka. In gudu ya yi yawa, ko jirgi ya kauce wa tsakiyar titi, ko ya yi tsalle, ko wata dabba ta ratso, ƙa'ida ita ce a tura totur gaba ɗaya a koma sama a sake zagayowa. Da faɗi ba wuya. Amma mutum ya ga kwalta a ƙarƙashinsa, ga abokai na kallo daga ƙasa, zuciya takan ce a lallaɓa a zauna kawai. Haɗurran sauka da yawa a duniya, har na manyan jirage, daga wannan nacin suke fitowa. Malamai sun fi yarda da ɗalibin da ya fasa da kansa fiye da wanda ya tilasta wa jirgi zama ya tsira da ƙyar.

Sai saukar dole. A Satumban 1912 injin Kyaftin Riccardo Moizo na Italiya ya ba shi matsala a yaƙin nan na Tarabulus, ya sauka a yankin abokan gaba, ya zama matuƙin jirgi na farko da aka kama a yaƙi. Fursuna ya zama, amma da ransa, domin ya iya sauke jirgin. Injunan yau ba sa mutuwa kamar na wancan zamani, duk da haka ba a ba mutum lasisi sai ya nuna zai iya. Ana cikin tafiya malami zai miƙa hannu ya janye totur ba sanarwa. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar yadda mutane ke zato, gangarowa yake yi, kuma daga ƙafa 3,000 yana iya cin kilomita takwas ko tara. Cikin 'yan daƙiƙoƙi ɗalibi zai saita gudun da ya fi kai shi nesa, ya karanci iska daga hayaƙin ƙonar daji ko na girki, ya zaɓi fili. A ƙasarmu zaɓin yana da nasa ilimi. Gonar da aka yi wa huɗa, tare da kunya ake bin ta, ba a ƙetare ta. Fadama da damina tana da kyan gani daga sama, amma taya za ta nutse jirgi ya kife. Ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar gona ana ganinsu, suri da wayar lantarki ba a gani sai an zo kansu. Ɗan manomi yana da abin da ya fi ɗan birni a nan.

Bayan awa goma sha wani abu ko ashirin ana wannan maimaici, wata rana malami zai ce a tsaya a gefen titi, ya kwance bel ɗinsa, ya fita, ya ce wa ɗalibi ya je ya yi zagaye ɗaya shi kaɗai. Jirgin ya rage nauyin mutum guda, zai tashi da wuri, ya kuma so yin shawagi wajen sauka, ba kuma mai karɓar sanda. Daga nan tafiya ta fara ke nan. Ƙa'idar duniya ita ce awa 40 kafin lasisin tuƙa kai, awa 200 kafin na ɗaukar fasinja don kuɗi, ko 150 a makarantar da aka amince da tsarinta. Ta wannan hanya Kyaftin Chinyere Kalu ta bi a Zariya har ta zama mace ta farko a Najeriya da ta sami lasisin tuƙin jirgin kasuwanci, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Hannun Italiya ma bai bar sararinmu ba. Sojan saman Najeriya, wanda shi ma a 1964 aka kafa shi, ya koyar da matuƙansa a Kaduna da Piaggio P.149, zanen Italiya ƙirar Jamus, daga baya kuma ya sayo jiragen koyo na Aermacchi MB-339.

Kuɗin karatun nan ya fi ƙarfin yawancin iyaye, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, kuma bai dace yaran da suka tashi da ƙugin jiragen nan a kunnensu su ƙare a 'yan kallo ta bayan waya ba. Gwamnatocin jihohin Arewa da masu hali su ɗauki nauyin masu hazaƙa, maza da mata. Kai kuma ɗan sakandare a Samaru ko Sabon Gari da ke da sha'awa, ka riƙe lissafi da fiziks da Turanci da kyau, ka kula da lafiyar idonka da kunnenka, domin kafin a bar ka ka taɓa sandar jirgi sai an duba takardunka, likita kuma ya duba ka.